Dusar Inna Dela

Litinin, 3 ga Maris, 1975

Roni. Na tsinci littafin nan a ƙasan akwatina na soja, gara ta ci bangonsa. Zan riƙa rubutu a ciki, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Matata Saude ba ta karanta boko, ko ta gani ba komai.

Shekara huɗu ke nan da aka sallamo ni da guntun ƙarfe a ƙugu. Har yau Kofur Mamuda ake kirana, kofur ɗin da in ya sunkuya ya yi kunya biyar a gona sai ya nemi gindin bishiya. Shanu biyun da na saya da na dawo, farin bara waccan ya tafi da su.

Yau na leƙa unguwar Maguzawa ta bayan dutse in gaida Inna Dela, ƙawar marigayiya mahaifiyata. Na iske ta gama tace burkutu, ta kwashe dusar tsiron dawa ta zube a bayan danga, awaki da kaji sun yi caa a kai. Tsamin ya bugi hancina, sai ga ni a bakin ruwa, can kudu, lokacin yaƙi, ina kallon wani sajanmu ɗan ƙasar yana dafa bammi a ganga, ogogoro, giyar nan tasu mai ƙarfi, na ɗiga ta bututu. Shi ne yake cewa duk abin da ya yi tsami da sauran wuta a cikinsa, sai dai in ba a iya fito da ita ba.

Na ce da ita ta riƙa ajiye mini dusar, kiwon rago zan yi. Ta ce, “Kwashi abinka. Me zan hana ɗan Amarya?” Ita kaɗai ta rage mai kirana da sunan uwata.

Ba ni da rago.

Alhamis, 6 ga Maris

Kazaure. Tsohuwar ganga a wajen makanikai, bututun jan ƙarfe, mazarƙwaila. Na tsaya a bakin tasha da kayan ina tunanin yadda zan kai su, sai ga Halliru a tifar kamfanin da ke shimfiɗa sabuwar hanya. Yayan Saude ne, kuma tare muka tashi, shi ne ma ya tsaya mini aka ba ni ita. Ya ɗora gangar da kansa, bai bar ni na kama ba. Ya ce ta mece ce? Na ce ta tara ruwa. Bututun fa? Na ce shi ma.

A hanya ya tsaya muka yi la'asar a gindin wata tsamiya. Shi ya ja. Halliru ba ya wasa da salla, ko da tsakuwa cike da mota. Ina bayansa ina ji kamar gangar a wuyana take.

Asabar, 8 ga Maris

Akwai wani kogo a duwatsun bayan gonar Baba, inda muke ɓuya muna yara. Can na kai komai a jakin maƙwabci. Randa biyu: dusa, ruwa, mazarƙwaila, na rufe da buhu. Hawa uku na yi. Ƙugu kamar ana soka mini basilla.

Juma'a, 14 ga Maris

Kumfa ta kwanta jiya, yau na hura wuta. Ban tace ba, na juye har da dusar a ganga, ta kama a gindi ta ƙone. Abin da ya ɗigo ruwa ne mai ɗaci da warin ƙanzo. Kwana shida a banza.

Ban sami Juma'a ba. Na ce da Saude ƙafa ce.

Asabar, 22 ga Maris

Ya yi.

Na tace da buhu tukuna, na liƙe bakin ganga da laka, bututu ya bi ta cikin randar ruwan sanyi, wuta kaɗan-kaɗan da kara, ba itace ba. Sai da rana ta take kafin ɗigon farko. Gwangwanin farko na zubar a ƙasa kamar yadda saja yake yi. Yakan ce na fari ba na mutum ba ne. Na biyu na ɗiba a murfi na ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya, da ƙyar ake ganinta da rana.

Na zauna ina kallo har ta mutu. Na ɗauka zan yi murna. Na ɗanɗana a bakin harshe na tofar. Rabona da sha tun ranar da aka ce an daina harbi, kuma ba zan koma ba. Ni yi kawai zan yi. Haka na yi ta gaya wa kaina ina saukowa.

Laraba, 26 ga Maris

Jiya aka yi Mauludi. Yau na kai wa Na'Allah kwalba ɗaya. Shi ke da kanti a bakin sansanin kamfani, sigari da sabulu da kifin gwangwani a gaba, abin da leburori suka fi so a baya. Ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce, “Kofur, wannan ai wuski ne! Daga dusa? Dusar awaki?” Yana da tarin kwalaben da Turawan kamfani suka sha suka yar. Ya ce zai ƙona sukari ya ba shi launi, ya ɗura a ciki, ba mai ganewa. Sunana ba zai fito ba. Ya rantse.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Saude ta ce, “Malam, kullum ka dawo rigarka na tsami. Wai ina ragon ne?” Na ce yana wajen Fulani.

Dole na je kasuwar Gwiwa na jawo wani rago ramamme, duk haƙarƙari. Ga shi nan a turke yana kallona, kuma shi ma sai na raba masa dusar.

Talata, 8 ga Afrilu

Na gano dusar ta fi ƙarfi in an kwaso ta da ɗuminta, ranar da aka tace. In ta kwana biyu a rana, ta zama ta awaki da gaske. Don haka Talata da Juma'a tun hantsi ina bayan dangar Inna Dela da buhu, ina korar kaji. Matan unguwar har sun sa mini suna, wai Kofur Mai Dusa. Ni da na riƙe bindiga shekara uku.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Saude na da ciki. Wata uku, ta faɗa tana kallon ƙasa. Biyu sun zube a baya, wannan Allah ya tsayar. Na sayo mata atamfa da tsire. Ta ce ina na samu? Na ce soja sun tuna da mu.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da gwamnati ta yi, ya iso sansani. Kowane lebura da rediyo a kafaɗa, wani ma agogo biyu na gan shi da su, hannu da hannu. Na'Allah ya ce ko nawa na kawo kafin magariba ya ƙare. Yanzu randa biyar ce. Inna Dela sau biyu take dafawa a mako, dusarta ba ta isa.

Ruwa ne wahalar. Rijiya na ƙasa, kogo na sama, ga zafin bazara, ga wuta a gabana wuni guda. Na rame. Mutane na cewa ciwon ne ya tashi, suna yi mini sannu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na gaji.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ran Talata ina ɗaure buhu a kan jaki Inna Dela ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. “Ragon nan naka ya fi saniya ci.” Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce tun tana budurwa take dafa giya, mutum ya sha ƙwarya uku ya yi waƙa ya kwanta, gobe ya tafi gonarsa. “Abin da na tace na zubar, na san dalilin da ya sa na zubar da shi.” Sai ta shiga ɗaki ta ɗebo daddawa da kuka ta ce in kai wa mai ciki. Wa ya gaya mata? Ban tambaya ba.

Kwana biyu maganar na kaina.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Halliru ya zo gaida ƙanwarsa, da madarar gwangwani da lemo. Muka zauna a zaure. Shi ma ya zabge. Ya ce daga asuba zuwa faɗuwar rana yana kan sitiyari, sawu goma sha biyu, in ya sauko hannunsa ya yi ta rawa shi kaɗai. Yana ta tauna kanumfari. Da zai tafi ya tsaya a turke ya daɗe yana duban ragon, ya ce Allah ya sa albarka.

Talata, 29 ga Afrilu

Na fara jiƙa dusa sau biyu, wadda na riga na tace in sake zuba mata ruwa. Ba ƙarfi. Leburori na ƙorafi, wai ruwa ake sayar musu. Na'Allah ya zo da babur har gindin dutse, abin da na hana shi, da galan ɗaure a baya. Ya ce sifirit ne daga garejin kamfani, wanda ake wanke kayan fenti da shi. “Duk abu ɗaya ne, Kofur. Shi ma ashana na kama shi. Murfi biyu a kwalba, ka ga aiki.” Na shinshina. Kusan ɗaya ne, amma akwai wani abu a ƙarshensa, kamar sabon takalmin roba. Na ce ba na so. Ya ce to ajiye mini, zan dawo in ɗauka.

Ya tafi ya bar shi.

Asabar, 3 ga Mayu

Ranar biyan leburori. Tun hantsi nake gaban wuta, abin da ya fito ashana uku na ƙyasta masa bai kama ba. Na'Allah a ƙasa yana ta danna hon. Ƙugu ya riƙe, ko miƙewa sosai ba na iyawa. Na dubi randunan nan biyar, na tuna sai na sake jiran kwana shida, sai na sake hawa da ruwa.

Na zuba. Ba da murfi ba, da bakin galan. Ban auna ba.

Ashana ta kama.

Litinin, 5 ga Mayu

Ana cewa wasu leburori na amai a sansani. Wai kifin gwangwani ne. Allah ya sa kifin ne.

Talata, 6 ga Mayu

Da hantsi aka aiko wa Saude: Yaya Halliru na asibitin sha-ka-tafi. Muka tafi tare, tana gaba ina ɗingishi a baya.

Mutum huɗu a kwance a baranda kan tabarmi. Ɗaya an riga an rufe shi da zane har kai. Kaumi sunansa, lebura, mutumin wajen Babura. Malam Muhammadu Lawal, malamin asibitin, ya ja ni gefe, don yana ganin soja ya saba da irin wannan. Ya ce ba kifi ba ne. Dukansu kwalba iri ɗaya suka sha ran Asabar. “Kofur, duk wanda ya haɗa abin nan guba ya haɗa. Ni ba ni da maganinsa a nan, sai Kano.” Na ce Allah ya kyauta. Bakina ne ya faɗa.

Na ce ai Halliru ba ya sha. Ya dube ni kawai.

Halliru na ciki a kan gado. Idonsa a buɗe, baƙin ya faɗaɗa, rana na dukan fuskarsa ta taga bai ƙifta ba. Ya ce kamar ana watsa masa gari a ido, fari fat, yana ƙaruwa. Da Saude ta fita ɗebo ruwa ya laluba ya kamo rigata. “Kada ta ji abin da na sha. Ka ce kifi ne.” Na ce to.

Shekara nawa ina bin sa salla ina jin kunyar kaina. Ashe shi ma... ban san me zan rubuta ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Motar kamfani ta kai su Kano. An binne Kaumi a nan saboda zafi. Na tsaya a sahun baya. Na'Allah ya rufe kanti tun jiya, an ce an gan shi a Babura ya nufi iyaka.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ashe in leburori suka tambayi Na'Allah daga ina yake samowa, sai ya ce daga Maguzawan bayan dutse. Haka ya ɓoye sunana. Jiya da yamma abokan Kaumi suka tafi gidan Inna Dela da sanduna. Tukwanen dafa giya, randuna, har tukunyar miya, ba su bar ɗaya ba. Wasu tukwanen na uwarta ne. Da 'yan sanda suka zo suka watsa su, sai suka tafi da ita Kazaure a bincika.

Ta ƙofar gidana suka wuce da sandunan. Ina ba rago ruwa. Na ci gaba da ba shi.

Talata, 13 ga Mayu

Na hau kogo na kifar da randunan. Ƙudaje. Galan ɗin da saura kusan rabi, na tura shi cikin tsagar dutse na toshe. Na ce shi ke nan, ba wanda ya sani. Na sauko ban ji sauƙi ba ko kaɗan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan salla aka tsaya a ƙofar masallaci ana maganar. Kowa na faɗin nasa, wai dama giyar bayan dutsen nan wata rana sai ta ci rai. Wani ya juyo ya ce, “Ko ba haka ba, Kofur? Kai da kake zuwa can?” Na ce ni dusa nake kwasowa. Aka yi dariya.

Asabar, 17 ga Mayu

An dawo da Halliru. Sauran ukun sun tashi, ɗaya da ido ɗaya. Shi likita ya ce jijiyar ta mutu, ba abin da za a yi. Yana bambance haske da duhu, shi ke nan. An ba wani tifarsa.

Na ce zan riƙa zuwa da safe in jawo shi zaurenmu ya wuni. A gidansa 'ya'yan kuka suke in sun gan shi yana laluben bango.

Alhamis, 22 ga Mayu

Yayan Kaumi ya zo daga Babura kwashe kayansa. Dattijo ne, Hausarsa da sauran Barbarci a ciki. Tabarma, buta, da rediyo sabuwa fil a kwalinta, ko batir ba a sa mata ba. Ya tsaya a zaurenmu ya yi wa Halliru jaje, ya karɓi ruwa daga hannuna ya sha, ya sa mini albarka. Ya ce marigayin ya bar 'ya'ya uku, rediyon ta babbar ce, ita ta roƙa.

Talata, 27 ga Mayu

Kazaure. Na kai wa Inna Dela fura da garin taba. Tana gidan waƙafi, ɓangaren mata. An bar ni na gan ta a tsakar gida. Ƙafafunta sun kumbura, ta ce rashin tafiya ne, ita da ba ta taɓa wuni a zaune ba. Ta tambayi awakinta. Ta tambayi ko hadari ya fara haɗuwa a wajenmu.

Sai ta rage murya. “Sun ce wa yake kwasar dusata. Na ce awaki.” Na kasa ɗaga kai. Ta ce, “Ɗan Amarya, kana da mai ciki a gida. Ni na ci nawa zamanin. Tashi ka tafi, kada mota ta bar ka.”

An sa shari'a ran 25 ga Yuni. Wani ɗan sanda ya ce mini maganar rai ce, ba ta tara ba, kuma in ba a sami Na'Allah ba ita kaɗai ce a hannu.



Lahadi, 1 ga Yuni

Ruwan shuka. Kowa ya fita. Na fara da gonar Halliru, don ta fi kusa. Ina sara, matarsa na bina tana zuba iri.

Talata, 3 ga Yuni

Malam Lawal ya zo duba idon Halliru, ko da yake ya san ba abin dubawa. Da na raka shi bakin hanya ya ce shekararsa tara a Roni, masu shan burkutun Dela ya sha ɗinke musu goshi, amma bai taɓa ganin wanda ta makantar ba. Ya ce zai je ya faɗi haka a gaban alƙali, ko za a ji ko ba za a ji ba. “Wanda ya yi yana nan cikin garin nan yana cin tuwo, Kofur.” Yana gyara sarƙar kekensa ya faɗa, bai dube ni ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na riƙo hannun Halliru daga masallaci, muka zauna a zaure. Bai saki hannun ba. Ya kai shi hancinsa. Ya ce, “Tsamin ya fita.”

Na kau da kai.

Ya ce tun ranar ganga da bututu ya yi zargi. Kwalbar farko da ya buɗe a bayan kantin Na'Allah, warin rigata ya ji. Da can na kanti yake saye in ya shiga Kano, shekara biyar ba wanda ya sani. “Da na gane naka ne sai na ce, to, wannan na gida ne. Mamuda ba zai ba mutane abin da zai cuce su ba.” Ba da faɗa ya yi maganar ba. Da ma ya zage ni.

Na ce gajiya ce ta sa. Ya ce, “Na sani. Ni ma ita ce.” Can kuma ya ce, “Ni na kai kaina, wannan tsakanina da Allah. Amma tsohuwar nan fa?”

A tsakar gida Saude na daka. Ban san lokacin da taɓaryar ta tsaya ba, sai shirun na ji.

Asabar, 7 ga Yuni

Saude ta kawo tuwo ta ajiye. Ba ta ce komai ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Har yau. Tana gaishe ni da safe a durƙushe kamar kullum, ta kawo ruwa, ta ɗauke kwano. Bayan wannan ko kalma. Atamfar da na sayo mata na gan ta a ninke a kan akwatina. Na ce, “Saude, don ke da abin da ke cikinki na yi.” Ta ɗago ta dube ni, karo na farko. Ta ce, “Bai zo duniya ba tukuna, Malam. Kada ka ɗora masa.”

Lahadi, 15 ga Yuni

Gero ya tsiro a gonar Halliru. Ya sa na kai shi, ya tsuguna yana shafa ganyen da tafin hannu. Ya ce na yi sara nesa-nesa, kamar mai tsoron iri ya ƙare. Muka yi dariya, mu biyu. Sai kuma muka daina.

Tawa gonar ko rabi ban yi ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na bi ta gidan Inna Dela. Tsingaron tukwane na nan yadda aka bar shi, ba wanda ya iya sharewa. Gonarta ciyawa ta rufe. Surukarta ta ce tsohuwa ta aiko a raba awakinta ga jikoki, uwar garken kuma a kai wa matar ɗan Amarya, ta sha nono in ta sauka. Har ta fara kwance igiya.

Na ce su riƙe tukuna.

Mai sa ran dawowa ba haka yake yi da awakinsa ba. Ita ta riga ta gama.

Asabar, 21 ga Yuni

Na juya abin ta kowane gefe. In na yi shiru: tsohuwa ce, ba shaida, ga Malam Lawal, wataƙila alƙali ya tausaya. In na yi magana: Kaumi ba zai tashi ba, idon Halliru ba zai dawo ba, Saude ta haihu ba na nan. Wa ya ƙaru? Ba amfani. Na gama magana, ba inda za ni.

Na gyara rufin ɗakinta da ke yoyo. Na faskara itace na jibge a rumfa, mai yawa. Damina ce, dole a yi.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na hau kogo, don in ga ko ruwa ya shiga.

Da yamma na gaya wa Halliru gobe za ni Kazaure maganar fansho. Ya ce, “Fansho ran ashirin da uku ga wata?” Na ce haka suka ce. Ya riƙe hannuna ya daɗe. Ya ce to, in layin ya yi tsawo kada in damu da gida, makaho ma yana iya zama a zaure ya amsa sallama.

Litinin, 23 ga Yuni

Tashar Roni, ina jiran mota ta cika.

Maganar fansho ce za ta kai ni. In na gama da wuri wataƙila in leƙa Inna Dela. Ofishin 'yan sanda a kan hanya yake, amma ban ce zan shiga ba. Galan ɗin na cikin buhu a ƙarƙashin ƙafata. Ba kyau a bar irin wannan a dutse, wani makiyayi ya tsinta.

Da zan fito Saude ta tsaya a bakin zaure da ƙunshi. Ni ban gaya mata komai ba. Ta miƙo da hannu biyu, ta ce, “Allah ya tsare hanya, Malam. In an sauka lafiya, wane suna?” Na ce ta tambayi Yaya. Ta ce, “Kai nake tambaya.” Na ce zan aiko.

Yanzu na kwance ƙunshin. Dambu, ƙuli-ƙuli, buta, carbi, man zafi na ƙugu. Da bargo. Mai zuwa ya dawo da la'asar, me zai yi da bargo?

Na mayar na ɗaure. Ɗan kamasho na kira, saura mutum ɗaya. Bari in tashi.